Ruwan da Ba a Ba Baƙo

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya a bayan ofis, kada ku ɗauka kunnena ya tsufa tare da gwiwata. Wai aikin nan ko mai tallar gyaɗa za ta iya: ka je, ka cika kwalba da ruwa, ka dawo, ka zauna a ƙarƙashin fanka. Madalla. Ni ma haka na ce ranar da aka ɗauke ni, har na koma Demsawo na yi wa mahaifiyata albishir cewa na samu aikin da babu gumi a cikinsa. To ku gyara zama. Akwai kwalba guda da na cika a rayuwata, cikawa mai kyau, babu kumfa, babu kuskure, har yabo aka yi mini a kanta. Kwalbar nan ce ta raba wani birkila mai suna Musa da ɗakin da ya samu ya fake da matarsa da 'ya'yansa. Amma sai kun san aikin kafin ku gane yadda aka yi.

Kamfanin gishirin nan na bayan Damare, wanda za a riƙa tura ku, ba da diga da shebur yake haƙa ba. Gishirin yana can ƙasa da nisa, ƙarƙashin ruwan da mutane ke sha. Sai su huda ƙasa su zura bututu, su tura ruwa mai daɗi da ƙarfin inji, ruwan ya narkar da gishirin, su zuƙo shi ta wani bututun, su baza a manyan tafkuna da aka shimfiɗa wa baƙar leda, rana ta ƙarasa musu aiki. In injiniya ya zana maka shi a allo, abin gwanin sha'awa. Sai dai bututu ƙarfe ne, gishiri kuwa ba abin da yake so kamar ƙarfe. Leda kuma leda ce, kofaton saniya ɗaya ya ishe ta. Ranar da ɗaya ya fashe ko ɗaya ta yage, ruwan zartsi zai sulale ya shiga ruwan rijiyoyin mutane, ba ƙara, ba wari, ba launi. Shi ya sa aka kewaye wurin da siraran rijiyoyi masu murfin ƙarfe da kwaɗo, waɗanda muke kira rijiyoyin gadi. Ba don sha aka haƙa su ba. An sa su a kan hanyar ruwan ne don in gishiri ya taso, mu ya fara gaisawa da mu kafin ya kai tukunyar kowa.

Wanda ya koya mini aiki wani dattijo ne Babacame daga Numan, Baba Filibus, Allah ya ba shi lafiya in yana raye. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, amma in ya dube ka ta saman tabarau sai ka ji kamar ka saci akuya. Ranar farko na zo da takalmi mai sheƙi, ya nuna mini wani tulin kwalabe a bayan ɗakin gwaji ya ce in wanke. Na wanke, ya shinshina ɗaya, ya ce yana jin sabulu. Na sake, ya ce yana jin hannuna. Damina ta shigo ta fita ina wankin kwalba, abokaina da ke kasuwar Jimeta suna tambayata ko an ƙara mini girma zuwa wankin kofi. Sai da na daina jin haushi sannan ya ɗauke ni daji.

A rijiyar gadi ta farko da ya kai ni, na buɗe kwaɗo, na zura guga, na ɗebo, na cika kwalba, na miƙa masa ina murmushi. Ya karɓa ya tsiyayar a ƙasa. Ya ce wannan ruwan da ya kwana a bututu ne, ba abin da ya sani game da ƙasa, kamar ka tambayi mai gadi abin da ake dafawa a cikin gida. Sai an zubar da shi, an yi ta zubarwa, har sabon ruwa ya shigo daga jikin ƙasa, sannan a ɗiba. Gugan namu kuwa kun gan shi, ɗan siririn bututun roba ne kamar karan rake, abin da yake ɗebowa bai fi a kurkure baki ba. Haka na wuni ina jan igiya a zafin Yola na kafin saukar damina, tafin hannuna ya yi bororo, shi yana zaune a inuwar aduwa yana kallon allurar mita. Sai da allurar ta daina rawa ta tsaya wuri ɗaya ya ce to, yanzu ƙasa ta fara magana.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai igiya mai ƙara, wadda ke yin tsuwa in bakinta ya taɓa ruwa, da ita ake sanin zurfi. Akwai mita, mai gaya maka yawan gishirin da ke cikin ruwa. Tamu ta da mai allura ce, tana da waya doguwa da wani ƙarfe a bakinta, ba irin taku ta yanzu mai magana da wayar hannu ba. Sai kula, wato akwatin sanyi, da ƙanƙara a ciki, don ruwa in ya ji zafi a hanya yakan canza hali kafin ya iso ɗakin gwaji. Ƙanƙarar nan ita ce ta fi komai ba ni wahala. In wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, sai ka gan ni ma'aikacin gwamnati guda ina bin gidajen matan da ke sayar da zoɓo da kunun aya ina roƙo. Wata Hajiya a layinmu har ta rasu ba ta yarda ba cewa ruwan rijiya nake sanyayawa don in kai wa inji.

Masu zuwa mana da buƙata kuma iri-iri ne. Wani zai kawo ruwa a kwalbar lemo ko ɗauraya bai yi ba, a gwada, a ce akwai sukari, ya ce makiya ne. Wani mai shirin buɗe gidan ruwan leda zai zo da fara'a, ya gaishe ka har da tambayar jikoki, ya gaya maka sakamakon da yake so tun kafin ka buɗe kula. Manoman lambu na bakin tafkin Njuwa su ne na fi so, don su ba sa zagaye-zagaye. Mutum zai dire maka damin alayyafo da ya ƙone a kan tebur ya ce ruwa ne ko ƙasa ce, gaya mini in san wanda zan zaga.

Dokar Baba Filibus guda ɗaya ce, kullum sai ya maimaita ta: ruwan da ba ka ga fitowarsa daga rijiya da idonka ba, ba ka san daga ina yake ba. A rijiyoyin gadi wannan ba matsala. Matsalar tana rijiyoyin gidaje, don ban da na gadi, muna gwada na unguwar da ke kusa da kamfanin. Rijiyar gida kuwa a tsakar gida take, inda mata suke, kuma kun san garinmu, namiji baƙo iyakarsa zaure. Shi ya sa muke da Adda Maryamu, ma'aikaciya ce kamarmu, ita ke shiga. Ta san wace amarya ce ta haihu, ta san wace rijiya ce akuya ta faɗa. Mu muna waje muna shan inuwa, ita tana ciki tana jan guga.

Sai ga shekarar da Mubi ta faɗa hannun mutanen daji masu bindiga. Ku kuna yara lokacin, wataƙila abin da kuka riƙe shi ne an rufe makaranta kun ji daɗi. Mutane suka yi ta kwararowa daga Madagali da Michika da Mubi, wasu a bayan tipa, wasu a ƙafa. Gidan da ke da mutum goma ya wayi gari ba a san adadin masu kwana a cikinsa ba. Injiniyoyin kamfanin suka kashe inji suka tafi, ko sallama babu. Sojoji suka kafa shinge a hanyar wurin suka ce ba mai wucewa, rijiyoyin gadin namu duka suka koma bayan shinge suna gadin kansu. Baba Filibus ya riga ya yi ritaya. Adda Maryamu mijinta ya kwashe su zuwa Kano. Aka bar ni ni kaɗai da kula da mita.

Ku yi tunanin mutum a wannan lokacin, an hana babur, yana cikin keke mai ƙafa uku, a cinyarsa akwati rufaffe, waya tana leƙowa daga gefe. Duk shingen da na isa sai an sauke ni, an sa na matsa nesa, na buɗe kular da kaina. Wani soja ya taɓa sa ni na sha daga kowace kwalba don ya tabbatar ruwa ne. Aikin wuni guda na shanye a gabansa, na yi masa godiya, na koma gida.

Tunda rijiyoyin gadi sun gagara, sai ya zama rijiyoyin gidajen unguwar nan su ne kaɗai idonmu. Gidan da ya fi kusa da tafkunan kamfanin shi ne na mai unguwar, Jauro Bobbo, dattijo Bafillace, dogo, siriri, mai magana kamar yana tsoron tada wani daga barci. In gishiri zai zo, rijiyarsa zai fara shiga. Babu mai shigar mini, don haka na yi abin da ya rage: na koya wa masu gidajen yadda za su ɗauraye kwalba su cika ta har baki, in miƙa daga zaure, su kawo mini. Jauro da kansa yake karɓa, da hannu biyu, ya ce jaɓɓaama, wato sannu da zuwa, ya shimfiɗa mini tabarma, ya shiga, ya dawo da kwalba cike tana raɓa.

A zauren nan na san Musa. Bamargi ne daga Madagali, birkila, ƙaƙƙarfa, mai ƙarancin magana. Shi bai fito tare da jama'a ba, sai daga baya, don ya tsaya jinyar mahaifinsa har ya binne shi, sannan ya biyo duwatsu da matarsa da yara. Jauro ya tsince su a bakin masallaci ya ba su ɗaki a cikin gida. A lokacin kuwa wanda ya fito a makare ba ya rasa masu kallonsa ta gefen ido, ana cewa ta yaya su mutanen dajin suka bar shi, ƙato kamar wannan. Musa ya san ana faɗa. Abin da ya iya yi shi ne aiki. Ba wanda ya sa shi, ya gyara katangar Jauro, ya liƙe rufin zaure, ya ga bakin rijiya ya zaizaye ya nemo siminti ya ɗaure shi ya yi masa murfi. Jauro ya ba ni labarin yana alfahari.

Ruwan gidan Jauro kuwa sai kyau yake ƙarawa. In na tsoma mita, allura ko motsi da kyar take yi. Na maƙwabta yana nan yadda na san shi, da ɗan nauyinsa na ruwan rijiya, amma na Jauro, wanda ya fi kowa kusa da gishiri, ya fi na kowa sauƙi. Oganmu a ofis ya ji daɗi, ya ce ka gani, kamfanin nan ko babu kowa yana riƙe da kansa. Ni ma na yaba wa Musa, na ce simintinsa mai albarka ne. Ya sunkuyar da kai. Abin yana ɗan yi mini ƙaiƙayi, don rijiya ba ta gyaruwa daga baki, amma a shekarar da kowane labari mummuna ne, wa zai tsaya yana tuhumar labari mai daɗi.

Wata rana shingaye suka cinye mini safiya, ban isa unguwar ba sai da aka kira azahar. Na ajiye kula a zauren Jauro, na ɗauki ɗaya daga cikin butocin da ke jere a ƙofar gida, na tsuguna. Na wanke hannu, na kai ruwa baki don kurkurewa. Wallahi sai da na furzar da shi a kan ƙafata. Zartsi ne tsagwaronsa, har da ɗaci-ɗaci a maƙoshi. Na ɗauki buta ta biyu, haka. Na duba mutanen gidan da ke alwala kusa da ni, kowa yana kurkure bakinsa yana tofarwa kamar ba komai, ba mai kallona. Na ƙarasa alwalata, muka yi salla. Da aka watse na zuba ruwan butar a murfin kula na tsoma mita. Allura ta miƙe ta bugi ƙarshe.

Sai a lokacin na gane. Ni baƙo ne. Bafillacen Yola kuwa ba zai miƙa wa baƙo ruwan da shi kansa yake yamutsa fuska in ya sha ba, ko da baƙon ya ce ba sha zai yi ba, inji zai kai wa. Akwai randa guda a gidan da ake zuba ruwan 'yan garuwa, wanda ake saye daga burtsatse mai nisa, don jarirai da baƙi. Daga ita ake cika mini kwalba. Duk tsawon lokacin nan ni da mitata da ƙanƙarata da shan wulaƙanci a shinge, ruwan 'yan garuwa muke gwadawa, kuma alhamdu lillahi muna samunsa lafiya lau. Ruwan buta ne kawai ba wanda ya yi tunanin yi masa kwalliya.

Na jira har zaure ya rage daga ni sai Jauro. Na tura masa murfin kular da mitar, allurar tana can ƙarshe, na ce Baba, wannan daga butarka ne. Na zaci kunya ce kawai, irin tasu da ba sa faɗin yunwa ko ciwo, har na fara shirya faɗan da zan yi masa cikin ladabi. Sai ya matso, ya rage murya, da Hausarsa ta mutanen Yola:

"Ɗana, rijiya ya lalace, na sani. Amma ka duba yaushe ya lalace. Bayan Musa ya taɓa bakinsa ne. In maganan nan ya fita, wa za a ce ya zuba abu?"

Ban taɓa kawo wannan a raina ba. A kwanakin nan jita-jitar guba a rijiya tana yawo a gari kamar kuɗin cefane, kowa ya ji an yi a wata unguwa, ba wanda ya gani. An taɓa yi wa mutum dukan kawo wuƙa a kasuwa don kawai jakarsa ta yi nauyi. Jauro ya tara iyalinsa tun ranar da ruwan ya juya, ya hana kowa faɗa. Maƙwabciya in ta aiko a sam mata ruwa, daga randar baƙi ake ba ta. Mutanen gidan, da nasa da waɗanda ya sauka, su ke shan zartsin, ana ɗan sirka shi. Tsofaffi ƙafafunsu sun fara kumbura, yara suna yawan gudawa. Musa ma yana sha, ya kuma san dalilin shirun.

Na gaya masa gaskiyar abin da na sani. Na ce wannan ba guba ba ce, gishirin kamfani ne, ko leda ta yage ko bututu ya fashe, kuma ba a gidansa zai tsaya ba. Yana tafe a ƙarƙashin ƙasa, zai shiga rijiyar maƙwabcinsa, ya shiga ta gaba. Ranar da unguwa ta wayi gari da zartsi kuma aka gano gidan Jauro ya daɗe da sani ya ɓoye, ranar ce Musa ba shi da mai ceto. Na ce abin da zai wanke shi guda ne, sakamakon gwaji mai hatimi, shi kuma ba a yinsa da ruwan buta, sai na tsaya a bakin rijiyar da ƙafata na ɗiba da hannuna.

Ya tambaye ni ko zai daɗe. Na ce ba zai daɗe ba. Ya ce in rantse ba zai daɗe ba, na ce in Allah ya yarda. Ya tashi ya shiga ciki, na ji yana magana da Fillanci, na ji ana rufe ƙofofi. Ya dawo ya ce, "Bismilla, shigo."

Na so in yi abin a ɓoye, amma aikinmu in za a yi shi daidai ba ya ɓoyuwa. Ruwan da ya kwana sai an zubar, kuma wannan ba siririyar rijiyar gadi ba ce, babbar rijiya ce ta gida. Musa da kansa ya karɓi guga yana ja ina zubarwa, ruwa ya bi rariya ya fita waje ya malale lungu, a lokacin da ake sayen jarka da tsada. Yara suka taru. Awaki suka zo suka shinshina suka juya. Sannan ga abin da unguwar ba ta taɓa gani ba, ƙato baƙo a tsakar gidan Jauro da rana tsaka, da akwati da waya. Kafin in rufe kwalba labari ya kai bakin titi. Kwalbar kuwa ta cika yadda Baba Filibus zai so, ko ɗigon iska babu.

Da na fito na tarar da mutane a ƙofar gida. Na ce musu ruwan ya yi gishiri, daga kamfani ne, kada a sha, za a kai gwaji. Kowa ya gyaɗa kai. Sai wani mai shago ya tambaye ni, cikin ladabi ƙwarai, in na tabbata gishiri ne, me kuma za a je a gwada. Na yi bayani cewa mita tana faɗin yawa ne, ba ta faɗin iri. Ya ce to, ashe ba a san irin abin da ke ciki ba ke nan.

A ofis aka ce injin da ke rarrabe irin abin da ke cikin ruwa ba shi da sinadari, wanda ke kawowa ya daina zuwa Yola. Sai an aika kwalbar wani gari mai nisa. Na kai ta tasha da kaina, na cika kular da ƙanƙarar Hajiya, na roƙi direba kamar ina ba shi amanar ɗiya. Daga nan sai jira. Kullum ina buga waya, kullum ana ce mini gobe.

Ba wanda ya taɓa Musa, kada ku yi zaton wani abin tashin hankali. Komai cikin mutunci aka yi, irin namu. 'Yan banga suka zo gaishe da Jauro, suka zauna a tabarma, suka tambayi lafiyar shanu, suka tambayi lafiyar baƙi, suka tambayi wane irin siminti ne aka yi aikin rijiya da shi, suka yi godiya suka tafi. Washegari suka dawo gaisuwa. A masallaci in Musa ya tsaya a sahu sai a sami ɗan fili a damansa da hagunsa. Wanda ya ba shi aikin katanga ya aiko cewa ya dakata tukuna. Yaransa in sun fito wasa sai iyaye su kira nasu. Jauro ya riƙa kama hannunsa yana tafiya da shi masallaci a gaban kowa, ya sa shi a gefensa. Sai aka fara cewa tsufa ya kama Jauro, kuma gidan da ke ɓoye irin wannan, a wasu garuruwan wuta ake sa masa.

Wannan maganar ta wuta ita ce ta kai kunnen Musa. Wata safiya bayan sallar asuba ya kwashi matarsa da yaransa. Ɗakin a share aka same shi, tabarmar da aka ara musu a naɗe. Bai yi wa Jauro sallama ba, don ya san ba zai bar shi ba. Uwargidan Jauro ya gaya wa ta bayan labule, ya ce mutumin da ya ba shi ɗaki ba zai rasa gida saboda shi ba. Wani ya ce ya gan su a tasha suna neman motar arewa, wani ya ce hanyar Kamaru suka yi. Na ji zafin abin nan ƙwarai, har yau ina ji.

Sakamako ya iso bayan tafiyarsu da 'yan kwanaki. Gishiri ne, irin na tafkin kamfanin sak, babu guba ko ta kashe ƙuda. Da aka samu izinin sojoji aka shiga, sai ga ledar babban tafki a yage, shanu sun bi ta kai tun farkon damina. Jauro ya ce in zo ranar Juma'a in faɗa a bakin masallaci. Na faɗa da Hausa, ya sa aka maimaita da Fillanci. Jama'a suka yi ta salati. Mai shagon nan ya ce shi dama bai taɓa yarda ba, Musa mutumin kirki ne, ko katangar da ya yi ka duba ka san mai tsoron Allah ne. Shugaban 'yan banga ya ce ai su gaisuwa kawai suke zuwa. Ban sami mutum ɗaya a wurin ba da ya taɓa zarginsa.

Sauran ya tafi yadda ake so. Aka kwashe tafkin, aka rufe rijiyar Jauro, aka haƙa wa unguwar burtsatse a can ɗaya gefen, gishirin bai kai ga yawancin gidajen ba. Oganmu ya tara ma'aikata ya ce a yi koyi da ni, na ceci ruwan unguwa guda da kwalba ɗaya. Aka tafa mini. Kuma gaskiya ne, in da za a mayar da ni ranar, rijiyar nan zan sake shiga, don yaran gidan ba za su ci gaba da shan zartsi ina kallo ba. Daidai na yi aikina, ga kuma abin da daidai ɗin ya haifar.

Ranar da aka rufe rijiyar, Jauro ya raka ni har bakin titi, abin da bai saba ba. Ya tambaye ni ko aikinmu yana kai mu arewa. Na ce in hanya ta buɗe za a riƙa tura mu duba burtsatsai. Ya riƙe hannuna ya ce:

"In ka ga Musa, ka ce masa gishiri ne. Ka ce ɗakinsa yana nan."

Hanya ta buɗe. Na je Mubi, na je Michika, na je Madagali ba sau ɗaya ba. Duk garin da na sauka, in na gama cika kwalba na rufe kula, sai in nemi inda birkiloli ke zama in tambaya. Musa birkila a ƙasar nan sun fi a ƙirga, an kai ni wurin masu yawa, ba shi ba ne. Jauro ya rasu shekarun baya, ɗakin yana rufe har ya bar duniya, bai yarda an sa ko buhun masara a ciki ba. Ni kuma ga gwiwa ta ƙi, ba a tura ni daji yanzu. Ku za a tura. Musa dogo ne, baƙi, yana da tabo a haɓa, yanzu zai yi furfura. In kun gamu da shi, saƙon bai da tsawo, kun ji shi.